Murhun Sabon Gari da Dajin Kamuku

Yawancin itacen da ake ƙonawa a Samaru da Sabon Garin Zariya daga nesa yake zuwa. Motoci ne ke shigo da shi, wasu ta hanyar Giwa, wasu ta hanyar Pambeguwa, wasu ta hanyar Kaduna, a jibge shi a bakin titi, masu faskare su faskara, a ɗaure shi ƙanana-ƙanana don matan aure, ko a wuce da shi kacokan gidan burodi. Gawayi ma haka yake isowa, buhu bisa buhu. Mai saye ɗaurin itace yake gani da farashinsa, ba ya ganin kututturen da aka baro a daji, shi ya sa in ana maganar kare daji sai mutumin gari ya ji kamar da wasu ake, can nesa. Alhali kuwa tsakanin murhun mai tuwo a bakin tasha da dazuzzukan doka da marke na Jihar Kaduna akwai cinikin da ba ya yankewa, rani da damina.

Shekaru da dama ke nan ƙungiyoyi da gwamnatoci suna tallata murhu mai tsimin itace a matsayin maganin wannan matsala, kuma kusan kullum hoton da suke nunawa na matar ƙauye ne da ɗaurin ƙirare a kanta. A ganina murhun yana da amfani na haƙiƙa, ya kuma cancanci a kashe masa kuɗi da lokaci. Sai dai an daɗe ana kai shi inda tasirinsa a kan daji ya fi ƙanƙanta, ana kuma kai shi ta hanyar da ta fi saurin kashe shi, wato rabon kyauta. In daji da namun cikinsa ake son sassauta wa, daga inda ake sayen itace da kuɗi ya kamata a fara, kuma murhun ya zama hajar kasuwa wadda maƙerin unguwa zai ƙera, in ta lalace ya gyara. Matar ƙauye ma tana buƙatarsa ƙwarai, amma dalilinta daban ne, za mu zo kansa.

Murhun duwatsu uku bai daɗe a banza ba. Ba a sayensa, yana karɓar kowace irin tukunya, yana cin duk abin da aka tura masa, daga gungume zuwa kara da totuwar masara, kuma tukunya tana zama daram a kansa lokacin tuƙi. Aibinsa ɓarna. Gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashe da yawa sun nuna cewa abin da ke shiga tukunya daga zafin itacen bai cika wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba, saura yana bin iska, musamman a tsakar gida da hunturu in iska tana karkatar da harshen wuta gefe. Abubuwa kaɗan murhu mai tsimi yake gyarawa. Yana killace wutar a ɗan ƙaramin wuri mai bangon yumɓu ko ƙarfe don kada iska ta kwashe ta, yana shigar da iska ta ƙarƙashin itacen don ya ci sosai hayaƙi ya ragu, sannan yana tilasta wa zafin ya bi jikin tukunya ta wata siririyar kafa kafin ya fita. Da wannan sai rabon tukunya ya tashi zuwa kashi 25 ko 30, a masu inganci ma ya wuce haka. A girkin gida na yau da kullum, murhu mai kyau da ake amfani da shi yadda ya kamata yakan rage cin itace da kashi ɗaya bisa uku, wani lokaci har rabi.

Wannan fasaha ba baƙuwa ba ce a Arewa. Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato, da ke Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ta daɗe tana ƙera murahu masu tsimi. A Kaduna wata ƙungiya mai suna DARE, tare da ƙungiyar atmosfair ta Jamus, ta shigo da murhun Save80, na ƙarfe marar tsatsa, wanda masu shi suka ce giram 250 na ƙananan itace ya ishe shi tafasa lita 6 na ruwa, kuma yana rage cin itace da kashi 80 cikin 100. Yana zuwa da wani akwati mai riƙe zafi: a tafasa shinkafa ko wake, a sauke tukunyar a rufe ta a ciki, ta ƙarasa nuna ba tare da wuta ba. A 2009 aka yi wa shirin rajista a ƙarƙashin tsarin Majalisar Ɗinkin Duniya na rage hayaƙin da ke ɗumama duniya, daga baya kuma atmosfair ta kafa masana'antar ƙera murhun a Kano. A Jihar Katsina, Oxfam da cibiyar ICEED sun gudanar da wani shiri da kuɗin Tarayyar Turai a ƙananan hukumomi 7, wanda ya haɗa murhun yumɓu da renon itatuwan gona. Duk da haka, duwatsu uku da kurfoti suna nan yadda suke a Hayin Dogo da Bomo da Cikaji, kuma ya kamata a tambayi dalili.

Kafin a amsa, akwai wata suka mai nauyi da ta cancanci a saurare ta, kuma daga wannan yanki namu hujjarta ta fito. A shekarun 1970, bayan babban fari, duniya ta firgita da abin da aka kira matsalar itacen girki, aka yi ta lissafin cewa nan da 'yan shekaru birane irin su Kano za su cinye duk itacen da ke kewaye da su. Michael Mortimore, masanin labarin ƙasa da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello daga 1962 kafin ya koma Jami'ar Bayero, yana cikin masu binciken da suka auna lamarin a Kano, aka buga sakamakon a 1990. Abin da suka tarar ya saɓa wa hasashen. A karkarar da ke kewaye da birnin, inda jama'a suka fi cunkoso, itatuwan gona ba su ƙare ba. Manomi yana da ɗorawarsa da tsamiyarsa da gawonsa, ya san amfanin kowanne, reshe yake sarewa ya bar uwar. Wani bincike da ya duba ƙasashe masu zafi gaba ɗaya, wanda aka buga a 2015, ya ƙiyasta cewa kashi 27 zuwa 34 cikin 100 ne na itacen da ake sarewa don makamashi ya wuce abin da daji zai iya mayarwa, saura yana sake tohowa. Kuma duk wanda ya san ƙasar Zazzau ya san cewa babban abin da ya cinye dajinta faɗaɗa gona ne, musamman tun da noman masara ya kankama.

Wannan suka gaskiya ce, kuma duk mai tallan murhun da ya ce ƙiraren matar ƙauye ne ke jawo hamada ya zalunce ta. Amma binciken na Kano ya nuna wani abu na biyu da ba a cika ambatawa ba, wato kaso mai yawa na itacen da birni ke saye daga nesa yake zuwa, daga dazuzzukan da ke kudu da Kano. A nan bambancin yake. Itacen gona yana da mai shi, mai shi kuma yana tunanin baɗi. Itacen gandun daji, ko na dajin da ba a nomawa, na wanda ya riga isa da gatari ne, yanzu ma da zarto mai inji, kuma shi daga tushe yake kayarwa, domin ya san in ya bari wani zai zo gobe ya ɗauka. Kashi ɗaya bisa ukun nan da ba ya dawowa ba a warwatse yake daidai wa daida a ko'ina ba. A irin waɗannan wurare yake taruwa, inda hanyar mota ta ratsa daji ta haɗa shi da babbar kasuwa, kuma dazuzzukan Jihar Kaduna suna tsakanin manyan kasuwanni uku, Kaduna da Zariya da Kano. Sara da noma ma ba rabe suke ba. Dillalin itace yana buɗe hanya ya kwashe manyan itatuwa, kuɗin gawayi kuma sau da yawa shi ke biyan aikin share sabuwar gona.

Gawayi ya fi itace cin daji nesa ba kusa ba. A hanyar gargajiya, inda ake tara itace a rufe shi da ciyawa da ƙasa a bar shi yana ci a hankali na kwanaki, sai an ƙona kilo 5 zuwa 10 na itace kafin a samu kilo 1 na gawayi. Mai gawayi kuma zaɓe yake yi. Ƙirya yake nema, da marke, da kaɗanya, itatuwa masu tauri da jinkirin girma. Kaɗanya takan kai shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya, kuma kowace ɗaya da aka mayar gawayi an yanke wa wasu mata man kaɗe na shekaru masu yawa. Gawayin nan kuwa makamashin gari ne: na ɗalibi a ɗakin haya a Samaru, na ma'aikaci a gidan haya a Sabon Gari inda maƙwabta ba za su yarda a turnuƙe su da hayaƙin itace ba. Tun da aka janye tallafin kananzir a 2016 risho ya fara komawa lungu. Bayan janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 da faɗuwar darajar naira, kilon gas ya haura naira 1,000, gidaje da yawa suka ajiye tukunyar gas suka koma kurfoti. An taɓa ganin irin wannan a shekarun 1990, lokacin ƙarancin kananzir, sa'ad da murhun da jama'a suka raɗa wa sunan Abaca ya bazu ko'ina. Ba gwamnati ce ta raba shi ba, ba kuma taron wayar da kai aka yi ba. Aljihu ne ya matsa, maƙera suka ƙera, mutane suka saya. Wannan tarihi ya isa ya nuna cewa mutanenmu ba sa ƙin sabon murhu in sun ga amfaninsa da idonsu.

Wasu za su ce ai gas shi ne mafita, a daina ɓata lokaci kan gyaran murhun itace. Ta fuskar lafiya hujjarsu babba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a 2020, cikinsu har da yara 'yan ƙasa da shekara 5 fiye da 237,000, ta hanyar ciwon huhu da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Dole kuma a faɗi gaskiya, yawancin murahun itace masu tsimi ba sa rage hayaƙi zuwa matakin da hukumar ta ce babu haɗari. Gas da lantarki ne ke kaiwa can, kuma manufar ƙasa kan girki mai tsafta, wadda Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da ita a 2024, ta ba gas babban matsayi. Ina goyon bayan a bi wannan hanya da gaske. Amma kusan biyu bisa uku na gidajen Najeriya da itace ko gawayi suke girki, kuma gidan da ke da gas ma ba a kansa yake dafa komai ba. Gas na shayin safe da ɗumame ne, kurfoti na miya, in kuwa wake ne ko ganda ko abincin suna, sai a hura itace. Shekaru masu yawa nan gaba za a ci gaba da ƙona itace a Zariya, ko an so ko ba a so ba. Abin da ke hannunmu shi ne yawan da za a ƙona, da yawan hayaƙin da mai girki da yaron da ke bayanta za su shaƙa kafin gas ya iso gare su.

Sukar da ta fi ciwo ita ce ta cewa ana raba murahun nan, bayan shekara a tarar an jingine su a bayan ɗaki. Wannan ma akwai shaidarta. A jihar Odisha ta Indiya, masana tattalin arziki uku, Rema Hanna da Esther Duflo da Michael Greenstone, sun bi gidaje fiye da 2,000 har tsawon shekara 4 bayan an gina musu murhu mai tsimi kusan a kyauta. A shekarar farko hayaƙin da masu girki ke shaƙa ya ragu, daga nan sai amfanin ya ɓace, domin murahun sun tsattsage, ba a gyara su ba, aka koma tsohon murhu. Ba a kuma ga raguwar cin itace ba. Namu na gida ya fi wannan muni. A ƙarshen 2014 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da naira biliyan 9.2 don sayen murhu 750,000 da jakunkunan riƙe zafi 18,000 a raba wa matan karkara. Shirin ya ƙare cikin taƙaddama, kuma abin da ya isa hannun mata bai kai ko kusa da adadin da aka ambata ba. Ɓarnar ba ta tsaya kan kuɗin ba, domin duk lokacin da aka yi shelar rabon kyauta, mai niyyar saye yakan dakata ya jira nasa, mai ƙerawa kuma ya rasa ciniki.

Abin da waɗannan misalai ke nunawa shi ne an manta da mai girkin. Mace ba don daji take hura wuta ba. Tana son murhun da zai riƙe tukunya in ta sa muciya tana tuƙa tuwon babban gida, wanda ba zai tilasta mata faskara itace siri-siri ba in babu mai faskara mata, wanda zai karɓi kara bayan kaka, wanda za ta bari ta je ta duba yaro ta dawo wuta ba ta mutu ba, wanda in hadari ya taso za ta ɗauke shi ta shiga rumfa. Murhun da ya ci jarrabawar tafasa ruwa a ɗakin gwaji yana iya gazawa a gaban tuwon dawa, kuma ba laifinta ba ne in ta ajiye shi. Sannan in ya lalace, wa zai gyara? Inda murhu mai tsimi ya kama ƙasa, an amsa wannan tambaya tun farko. A Kenya, murhun gawayi mai cikin yumɓu da ake kira Jiko ya bazu daga farkon shekarun 1980 saboda maƙeran bakin titi na Nairobi ne ke yin gangar jikinsa da tsohon ƙarfe, magina suna yin cikinsa, ana sayar da shi a kasuwa kowa yana cin ribarsa. A Nijar, a shekarun 1980 ɗin dai, maƙeran gari aka koya wa ƙera murhun ƙarfe da aka sa wa suna Mai Sauƙi. A ƙasar Sin, inda aka kai murahu fiye da miliyan 100 gidajen karkara tsakanin 1982 da 1992, gwamnati ta zuba kuɗinta ne kan bincike da horar da masu gini da duba inganci, ta bar gidaje su biya yawancin kuɗin murhun da kansu. Sabon Gari kuwa, garin da ya tashi da zuwan jirgin ƙasa a farkon shekarun 1910, cike yake da masu walda da maƙeran da ke mayar da tsohuwar ganga da kwano su zama kurfoti da bokiti. Hannun da za su yi aikin suna nan. Ma'auni ne ba su da shi, wato faɗin kafar da ke tsakanin tukunya da bango, da tsawon ɗakin wuta, da girman ƙofar iska, kuma kuskuren ɗan yatsa ɗaya a waɗannan yana iya cinye rabin tsimin.

Lissafin ya fi fitowa fili a wurin masu manyan tukwane. Mai gidan burodi, mai tuwo, mai tsire a tukuba, mai shayi, mai ƙosai da waina, masu turara shinkafa, masu suyar ƙuli-ƙuli, matan da ke wuni suna dafa kalwa don daddawa, ɗakin girkin makarantar kwana, duk waɗannan da kuɗi suke sayen itace, kullum, kuma da yawa. A ɗauka, don misali kawai, mai abinci tana sayen itacen naira 3,000 a rana. Murhun da ya rage mata kashi ɗaya bisa uku ya bar mata naira 1,000 kowace rana, 30,000 a wata. Ba ta buƙatar a yi mata wa'azi kan kwararowar hamada. Abu biyu ne ke tare ta, kuɗin farko da kuma rashin tabbacin cewa murhun zai yi abin da aka ce zai yi. Na farko adashi ko biya kaɗan-kaɗan zai warware shi, na biyu kuwa sai ta gani a rumfar maƙwabciyarta. Murhun mai sana'a yana aiki daga asuba zuwa dare, don haka abin da ɗaya zai rage ya fi na gidaje da yawa a haɗe, kuma itacen da ya rage shi ne ainihin itacen mota, manyan faskaren da aka kayar a daji.

Matar ƙauye sau da yawa ba ta sayen itace, don haka lissafin naira bai cika jan ta ba, murhun ƙarfe mai tsada kuma ya fi ƙarfinta. Abin da take biya lokaci ne da ƙafa da ido da ƙirji, ko kuma 'ya'yanta ne ke biya, domin a gidajen da ake kulle yara ake aikawa. A shekarun nan ma shiga daji neman itace a wasu sassan Giwa da Birnin Gwari ya zama kasada da rai. Abin da ya dace da ita murhun yumɓu ne da maginar tukwane ta ƙauyensu za ta yi ta gasa, ko wanda za a gina da laka a madafa, muddin akwai wadda ta iya yaɓe shi in ya tsage. Ribarsa tana komawa gona: karan da ba a ƙona ba abincin dabba ne da shinge, kashin shanun da ba a ƙona ba taki ne, reshen ɗorawar da ba a sare ba kalwa ce a bazara. Wannan ya isa dalili, ba sai an ɗora mata alhakin giwayen Kamuku ba.

Game da namun daji, gara a rage alkawari. Dajin Kamuku na ƙasar Birnin Gwari, wanda aka keɓe tun 1936 a zamanin En'e, aka mayar da shi gandun daji na ƙasa a 1999, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,000, kuma an san shi da giwa da gwanki. Abin da ya fi addabarsa yau bindiga ce, ta mafarauta da ta 'yan fashin da suka mayar da shi da dajin Kuyambana maɓoya. Zaki ya kusa ƙarewa a Najeriya, sai ɗan abin da ya rage a Kainji da Yankari. Ungulun da a da ke cika mahauta ta yi wuyar gani, kuma guba da cinikin sassan jikinta ne suka fi yi mata illa. Babu murhun da zai magance waɗannan. Abin da murhu ke taɓawa shi ne mazaunin dabba. Dabba ba ta rayuwa a cikin iyakar gandu kaɗai: giwa tana bin hanyoyinta daga daji zuwa daji, ungulu da burtu a manyan itatuwa suke sheƙa, irin waɗanda mai zarto ya fi so. Maƙwabtanmu suna da misali. Raƙuman dawa na Afirka ta Yamma, waɗanda a da suke yawo har arewacin Najeriya, sun ragu zuwa 49 a 1996, dukkansu a yankin Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai. Cikin abubuwan da suka matsa musu akwai saran dajin da suke kiwo a cikinsa da damina, don a kai itace kasuwar Yamai. Da aka tsaya tsayin daka kan hana farautarsu, aka kuma sa mutanen ƙauyukan cikin cin moriyar zamansu, adadin ya haura 600, har a 2018 aka kwashi 8 zuwa gandun Gadabeji a jihar Maraɗi. Ba murhu ne ya ceto su ba, amma labarinsu ya nuna cewa girkin babban birni yana iya kaiwa har ga abincin dabbar da ta rage 'yan gomomi a duniya.

Akwai kuma mai cewa in Zariya ta rage saye, farashi zai sauka, wasu su ƙara ƙonawa, ko motar ta wuce Kano kawai, kuma mai sara da mai gawayi talakawa ne masu iyali. Haka ne, murhu shi kaɗai ba ya rufe hanyar daji. Sauran aikin shi ne itacen daji ya samu mai shi, kamar yadda na gona yake da shi. Nijar ta gwada wannan a tsarin makamashin gida da ta fara a 1989, inda aka kafa kasuwannin itace na karkara: ƙauye ya riƙe dajinsa, a ƙayyade abin da za a sara a shekara, dillali ya saya daga hannun ƙauyen, wani kaso na haraji ya zauna a wurin. Tsarin bai rasa matsaloli ba, amma ya mayar da mai sara mai rabo a dajin baɗi. A Maraɗi kuma, daga 1983, aka fara abin da manoma ke kira sassabin zamani, wanda Tony Rinaudo ya yi fice wajen yaɗa shi: a bar tohon kututture a gona, a zaɓi masu ƙarfi a rena, a sassabe saura. Ya bazu zuwa kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, kuma bai kama ba sai da manoma suka tabbata itacen nasu ne, malamin daji ba zai ci su tara ba in sun sare reshe. Gidan da ke da murhu mai tsimi da isassun itatuwa a gona zai iya girki da sassabe kaɗai, har ya sayar da rara.

A nan Samaru take da nauyi a wuyanta. Tun 1922 ake binciken noma a wurin, kuma irin masara da wake da dawa da gyaɗa na Cibiyar Binciken Aikin Gona, wadda aka fi sani da IAR, ya kai ƙauyuka masu nisa saboda an gwada shi a gonar manomi, malaman gona kuma sun bi shi. A nan hukumar NAERLS ta yaɗa dabarun noma take, da tashar binciken dazuzzukan savana da ke aiki tun shekarun 1960, da Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta jami'ar. Abin da murhu ya fi buƙata daga gare su awo ne. Kaso mai yawa na kuɗin da ke shiga harkar murhu yanzu kuɗin kabon ne, wato wani kamfani ko matafiyi a Turai ya biya don a rage hayaƙi a madadinsa, a yi amfani da kuɗin a sauƙaƙa farashin murhu a nan. Da irin wannan kuɗi aka sauko da farashin Save80, kuma tsari ne da zai iya taimakawa. Amma wani binciken Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, wanda aka buga a 2024, ya gano cewa shirye-shiryen murhun da ya duba a ƙasashe daban-daban sun yi iƙirarin ragin da ya ninka na gaskiya kusan sau 9, saboda ana zuzuta yawan amfani da murahun, ana kuma zuzuta kason itacen da ba ya sake tohowa. In aka ci gaba a haka masu biya za su janye, masu gaskiya a harkar su rasa tare da marasa ita.

Sikeli ne zai raba gardama. A auna itacen da gida ko mai abinci ke ƙonawa na mako guda kafin sabon murhu, a sake aunawa bayan wata 6 da bayan shekara 2, da rani da damina, a rubuta wane ya tsage, wane aka gyara, wane aka ajiye da dalilin ajiye shi. A tsaya a Kwangila da hanyar Shika a ƙirga motocin itace da na gawayi, a tambayi direba daga ina ya ɗauko, a duba wane irin itace ne. Aiki ne da ɗaliban aikin gona da na injiniya da na labarin ƙasa za su iya yi a Bomo da Basawa da kasuwar Sabon Gari ba tare da jiran kuɗin waje ba. In an gama a fassara sakamakon da Hausa a karanta a rediyo, mai tuwo ta san murhun da ya cika alkawari kafin ta zuba masa kuɗin adashinta, maƙeri ya karɓi ma'aunin da zai bi, gwamnatin jiha kuma, in za ta sayi murhu don makarantunta na kwana, ta saya daga hannun maƙeran da aikinsu ya ci wannan awo.